Ajin da Muka Juya: Daga Kundin Wata Malamar Jinya

Lahadi, bayan Isha'i

Gobe 'yan aji biyu za su shiga darasin zubar jini bayan haihuwa, kuma ba zan tsaya gaban allo ina karantowa suna rubutawa ba. Tun ranar Alhamis na tura musu karatun ta WhatsApp: muryata a naɗe gunduwa-gunduwa, ba wadda ta kai minti goma, da shafi biyu masu zane, da 'yan tambayoyin da kowa zai amsa a takarda ya shigo da su. Lokacin aji na aiki ne. Abin da ake kira juyayyen aji ke nan: bayanin da aka saba yi a aji ya koma ɗaki, aikin da aka saba ba ɗalibi ya je ya yi fama da shi shi kaɗai ya dawo aji, gaban malami da 'yan uwa.

Waɗanda suka fito da sunan tsarin duniya ta sani malaman kimiyyar sinadarai ne biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, a wata sakandare da ke Woodland Park a jihar Kolorado ta Amurka. A 2007 suka fara naɗar darussansu saboda yaran da kan rasa aji, sai suka lura cewa idan kowa ya kalla a gida, sa'ar aji ta zama ta tambaya da gwaji.

Ni ba sha'awar sabon abu ta kai ni ba. Ɗalibanmu sun iya hadda, Allah ya ba su wannan. Ka tambaye su abin da ke jawo zubar jini, za su jero maka huɗun nan ba tuntuɓe: mahaifa ta ƙi tsukewa, an samu yagewa, guntun mabiyiya ya maƙale, ko jinin ya ƙi daskarewa. Amma da yawansu ƙauye za a tura su, ƙaramin asibitin da babu likita, dare ya raba, fitilar waya ce haske. Matar da za a kawo musu a a-daidaita-sahu ba za ta zo da sunan ciwonta rubuce a goshi ba. Ranar nan nake so mu fara shiryawa tun daga aji.

Litinin

Kusan rabin aji ba su saurari komai ba. Wasu babu data, wasu wayar ba caji saboda an kwana biyu ba wuta a ɗakunan kwana, wasu kuma sun ɗauka zan maimaita kamar kullum. Ban maimaita ba. Na ba da 'yan mintuna masu karatun suka tura wa marasa shi ta Xender, na raba su rukuni-rukuni yadda kowane rukuni zai samu wanda ya shirya. Su ma Bergmann da Sams sun haɗu da yaran da ba su da intanet a gida, suka riƙa zuba musu darasin a faifai. Matsalar tana da magani, in dai malami ya yarda cewa matsala ce ba lalaci ba.

Na rubuta a allo: Mace mai shekara 32, haihuwarta ta bakwai. Minti arba'in da sauka. Ta ce tana jin jiri da ƙishirwa. Bugun jini 118 a minti, BP 100 bisa 60. Zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe. Me za ku fara yi, kuma don me?

Aji ya yi tsit. Da aka fara magana, rukuni bayan rukuni amsa ɗaya: a kira likita. Na ce babu likita, babban asibiti tafiyar sa'a guda ne a hanya mara kyau. Wani ɗalibi a layin gaba ya ce, "Malama, ai BP ɗinta lafiya lau ne, ba abin gaggawa ba ne. A sa mata ido kawai." Ya faɗa da ƙarfin gwiwa, mutane da dama suka gyaɗa kai. Na yi farin ciki da ya faɗa, domin irin wannan tunani ne ke kashe mata, kuma gara ya fito a nan inda ba wadda za ta mutu.

Ban gyara shi ba. Na ce wa ya ga wani abu dabam? Can baya wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta ɗaga hannu rabi-rabi. Ta ce a cikin muryar da na tura na ce jinin mai ciki yana ƙaruwa sosai, don haka jikinta yakan daɗe yana ɓoye asara. Zuciya ce ke fara gudu, BP sai daga baya yake faɗuwa, kuma kafin ya faɗi an riga an yi nisa. Na ce ta zo allo ta raba 118 da 100. Ta samu kusan 1.2. Na tambayi aji me wannan ke nufi, waɗanda suka karanta shafi na biyu suka ce da zarar lissafin nan ya haura 0.9 mace tana cikin haɗari.

Daga nan maganar ta kama da kanta. Wata ta ce a taɓa ciki a ji mahaifar, domin haihuwa ta bakwai mahaifa ta gaji. In ta yi laushi a murza ta, a yi allurar oksitosin. Wata ta ce a duba mafitsara, cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. Sai na juya labarin: kun taɓa, mahaifar ta tsuke tamau kamar yadda ake so, amma jini bai tsaya ba. Yanzu fa? Suka ɗan yi jim, sannan wani ya ce to ba daga mahaifa ba ne, a haska a nemi yagewa. Huɗun nan da suka haddace sun tashi daga jeri, sun zama tambayoyin da ake yi wa jikin mace ɗaya bayan ɗaya.

Mun ci lokacin malamin da ke bina. Na ba shi haƙuri.

Talata

Shugabar aji ta same ni a ofis da wasu biyu. Bayan gaisuwa ta ce, "Malama, an aiko mu ne. Don Allah a dawo mana da not. Jiya mun fita ba mu rubuta komai ba, kuma jarrabawa na tafe." Ba rashin kunya suka zo yi ba, tsoro ne a fuskarsu. Tun firamare sun san cewa karatu shi ne abin da ya cika littafi. Wasunsu iyaye sun sayar da amfanin gona aka biya kuɗin makaranta, faɗuwa jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ba ƙaramin abu ba ne a gidajensu.

Na ba su labarin wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard aka wallafa a 2019. An koya wa ɗaliban kimiyyar fizis darasi iri ɗaya ta hanya biyu: lacca mai daɗin saurare, da ajin da su ke yin aikin. Da aka tambaye su, sun ce sun fi ƙaruwa a lacca. Da aka gwada su, sun fi cin maki a ɗayan. Wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha ce ke sa mutum ya ɗauka bai koyi komai ba. Na yi musu alkawari ɗaya, kuma haƙƙinsu ne: ƙarshen kowane aji za mu tsaya mu rubuta abin da aka cimma, da hannunsu, da kalmominsu, ni in duba.

Da rana wata abokiyar aikina da ta girme ni a koyarwa ta ce, "Malama, manhajar nan fa ba ta jira. In kika kwashe sa'a biyu a kan mace ɗaya, yaushe za ki gama?" Maganarta tana da nauyi. Manhajar ta cika maƙil, aji ya cika maƙil, kuma shirya darasi ɗaya irin wannan ya fi cin lokaci a kan lacca nesa ba kusa ba. Abin da na ce mata shi ne ba kowane darasi zan juya ba. Sunayen ƙasusuwa a haddace su. Amma inda rai ke iya fita cikin sa'a guda, nan ba zan bar shi ga hadda ba.

Laraba

Yau a ɗakin gwaji muka yini, kuma ita ce ranar da na fi jin daɗi. Na sa aka dafa zoɓo mai kauri, na auna shi a ɓoye, na zuba a kan abubuwan da ake gani a ɗakin haihuwa: zanin atamfa, audugar mata, ledar shimfiɗa, da ƙasa. Kowa ya zagaya ya rubuta nawa yake gani. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan jinin haihuwa wannan magana ba ta ci ba. Inda jinin ya fi yawa nan suka fi ragewa. Atamfa mai duhun launi ta shanye fiye da rabin lita, mafi yawansu suka rubuta abin da bai kai rabin haka ba. Da na ɗaga kofin awon, wata ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, ashe haka muke yi a fostin," wato lokacin da ake tura su koyon aiki a asibiti.

Iyakar da aka daɗe ana koyarwa ita ce mililita 500 bayan haihuwa ta hanyar da aka saba. Amma me amfanin sanin adadin ga wadda ba ta iya gane shi in ta gan shi? A nan na kawo musu binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa mai jego wata leda mai ma'auni da jinin ke taruwa a ciki, kuma da an ga ya kai iyaka sai a haɗa magunguna gaba ɗaya, ba a bi su ɗaya-ɗaya ana jira ba: murza mahaifa, oksitosin, tiranezamik asid, ƙarin ruwa, duba hanyar haihuwa, da neman na gaba in abin ya ƙi. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa, ya sauka daga kashi 4.3 cikin ɗari zuwa 1.6. Gano zubar jinin kuwa ya tashi daga kusan rabi zuwa fiye da kashi 90.

Na tambaye su: a cikin magungunan nan wanne ne sabo? Suka duba suka ce babu. To me ya canza? Yarinyar nan ta layin baya ta ce an daina dogara da ido, an kuma daina jira. Wani ya tambaya, in babu ledar fa, kamar inda ya yi fostin? Ban amsa ba, na mayar wa aji. Suka kawo shawarar auna nauyin zani da auduga kafin da bayan sun jiƙe, tunda giram ɗaya kusan mililita ɗaya ne, da sa tasa mai ma'auni a ƙarƙashi. Wata ta ƙara da cewa matan da ke zuwa musu da yawa ba su da isasshen jini tun suna da ciki, irinsu ba za a jira su kai 500 ba. Wannan ban sa shi a muryar da na tura ba, ita ta haɗa da kanta daga darasin awon ciki na zangon da ya wuce.

Alhamis

Yau na fara da gajeren gwaji a kan karatun gida, tambayoyi kaɗan masu maki. Masu laɓewa a bayan 'yan rukuninsu sun ragu.

Asabar

Na je gaida Baba. Ina ba shi labarin ajin, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ai mu haka muka yi karatu a zaure. Wa zai je gaban malam bai yi muɗala'a ba? Tun dare kake duba inda za a biya maka, ka san inda ya shige maka duhu, in ka zauna gabansa a nan za ka tsaya." Na daɗe ina tunanin maganar a hanyar dawowa. Shirya karatu kafin zuwa gaban malami ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kuma ranar Litinin da wannan zan fara yi wa ɗalibai bayani, ba da Kolorado ba. Inda muka bambanta da zaure shi ne ni ina so ɗalibata ta iya ce mini, "Malama, ban yarda ba, ga dalilina." Wannan shi ne mai wuyar.

Litinin

Jijjigar masu ciki. Sun saurari karatun tun ƙarshen mako, yawancinsu. Na yi amfani da dabarar Eric Mazur, malamin fizis a Harvard, wadda ya fara a farkon shekarun 1990: a jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga maƙwabcinsa ya yi ƙoƙarin shawo kansa, sannan a sake zaɓe. Mu da yatsu muka yi, a ƙirji, don kada wani ya leƙi na wani.

Ga labarin. Mai jego ta yi jijjiga, an fara mata magniziyam salfet, giram 5 a tsoka kowane sa'a huɗu. Lokacin allura ta gaba ya yi, likita ya rubuta a kati, sa hannunsa na nan. Kin duba: numfashi 13 a minti, kin buga gwiwa ba ta motsa ba, fitsarin da ya taru a leda cikin sa'a huɗu mililita 60. Za ki yi allurar? Za ki rage ta? Ko za ki dakatar ki kira?

Zaɓen farko ya tayar mini da hankali. Da yawa sun ce a yi, tunda likita ya rubuta. Kuma waɗannan ɗalibai sun san alamomin. Da na tambaya a gwajin safe sun rubuta su daidai: numfashi kada ya gaza 16, gwiwa ta motsa, fitsari ya kai mililita 30 a kowace sa'a. Sun san ƙoda ce ke fitar da maganin, in fitsari ya ragu yana taruwa a jiki har ya tsayar da numfashi. Sun san kalsiyam gulukonet ne makarinsa. Ilimin yana nan. Sa hannun babba ne ya danne shi.

Bayan sun yi musu da juna, zaɓe na biyu ya juya, kusan kowa ya ce a dakatar. Amma na tsaya a kan na farkon, domin a dutin dare ba maƙwabcin da za ka juya gare shi. Na tambaye su gaskiya me ya sa. Wata ta ce, "Malama, wace ce ni da zan ce wa likita a'a?" Wata ta ce in ta tashe shi cikin dare zai yi mata faɗa gaban majinyata. Mun taso da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na so su rasa ta. Sai dai likitan ya rubuta umarninsa ne sa'o'i da suka wuce, a kan matar da ke numfashi lafiya. Matar da ke gabanki yanzu bai gan ta ba. Ke kika gan ta. Gaya masa abin da kika gani shi ne girmama shi, kuma amanar da aka ɗora miki ke nan.

Sauran lokacin kiran waya muka gwada, bibbiyu, ɗaya nas ɗaya likitan da aka tasa daga barci. A faɗi abu huɗu a jere: halin da ake ciki, tarihin mai jinya, abin da na gani, abin da nake nema. Da farko gaisuwa da ban-haƙuri suka cinye kiran. A hankali ya daidaita, har wata ta tashi gaban aji ta ce, "Likita, ka yi haƙuri na tashe ka. Mai jegon gado na uku ce, wadda ke kan magniziyam. Numfashinta 13, gwiwa ba ta motsi, fitsari mililita 60 cikin sa'a huɗu. Na dakatar da allurar, na ajiye kalsiyam gulukonet kusa. Ina so ka zo ka duba ta yanzu." Ladabi bai ragu ba ko kaɗan, kuma babu likitan kirki da zai ji wannan ya koma barci.

Laraba

Na bi rukunin da ke fostin a ɗakin yara. An kwantar da wani yaro mai tamowa da gudawa, kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, idanu sun faɗa, fata in an ja ba ta komawa da wuri. Kakarsa na ta roƙo a sa masa ruwa. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ta ja ni gefe ta ce a littafi waɗannan alamomin bushewar jiki ne mai tsanani, amma ta ga sista ba ta ɗaura ruwa ba, tana ba shi ta baki kaɗan-kaɗan, kuma tana jin nauyin tambaya. Na ce mu je tare, amma ke za ki yi tambayar.

Sistar, duk da ita kaɗai ce a kan gadaje masu yawa, ta tsaya ta amsa. Ta ce a yaro mai tamowa faɗawar ido da sakin fata ba abin dogaro ba ne, rama kaɗai na kawo su. Zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ruwan jijiya da sauri na iya kayar da ita, shi ya sa ba a ɗaura masa sai in jini ya kasa zagayawa. Ruwan da take ba shi ma ba gishiri da sukari na kowa da kowa ba ne, ReSoMal ne, mai ƙarancin gishiri, kuma tana ƙirga numfashi da bugun jini a kai a kai don ta gane in ya yi yawa. Sannan ta juya ga tsohuwar ta ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, wannan da nake ba shi a cokali shi ne ruwan nasa."

Christine Tanner, wata malamar jinya a Amurka, ta fasalta yadda gogaggiyar nas ke yanke hukunci a 2006: ta lura, ta fassara abin da ta lura da shi, ta ɗauki mataki, sannan ta waiwaya ta auna. Sistar nan duka huɗun take yi cikin 'yan daƙiƙu, amma a cikin kanta, ba wanda ke ji. Ɗaliba na iya shekara a bayanta tana ganin hannu ba ta ganin dalili. Na roƙe ta ko sau ɗaya a duti ta riƙa faɗin tunaninta a fili in ɗalibai na kusa. Ta ce za ta gwada in aiki ya bari.

Alhamis

Taron sashe. Na kawo abin da ya fi damuna: muna iya juya aji yadda muke so, amma in gwajinmu ya ci gaba da cewa "lissafa" da "kawo ma'anar", ɗalibai za su koma hadda, kuma suna da gaskiya, abin da ake ba maki shi ake karantawa. Na ambata cewa jarrabawar lasisin jinya ta Amurka ma an sake mata fasali a Afrilun 2023, aka shigo da labaran majinyata masu canzawa mataki-mataki don a auna yadda ɗalibi ke yanke hukunci. Abokiyar aikina ta ce mu jarrabawar Majalisa muke shirya wa yara, ba ta Amurka ba. Shugaban sashe ya saurari kowa, ya yanke cewa a gwajin tsakiyar zango kashi ɗaya cikin uku na tambayoyina su zama labarin mai jinya, a ba da maki a kan dalili ba a kan amsa kaɗai ba, sauran a bar su yadda aka saba, a duba sakamakon kafin a yi maganar sauran darussa. Ya kuma yarda a bar ɗakin karatu mai sola a buɗe bayan Magariba don cajin waya. Abokiyar tawa ta ce za ta shigo ajina na mako mai zuwa ta gani da idonta, amma da sharaɗin in bar ta ta rubuta labarin da za a ba su, a kan ciwon sukari.